Kilomita 900 a rana ɗaya da iyali a mota: in miƙe ko in kwana a hanya?

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Ranar Lahadi za mu koma gida daga tafiya, kilomita 900 ne. Ni kaɗai ke tuƙi, maiɗakina ba ta iya ba, ga yara biyu, ƙaramar watanta takwas. Ba zan samu tasowa ba sai ƙarfe 11 na safe, kuma Litinin ƙarfe 8 dole ina wurin aiki. In miƙe har gida, ko mu kwana a hanya in yi sammako? Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Ɗan Auta: Ai da sauƙi. Ku yi karɓa-karɓa da madam, kuma ku taso da asuba.

Baban Hanifa: Ɗan'uwa, sake karanta abin da na rubuta.

Direban Tirela: Shekarata 22 a kan titi. In kana cin kilomita 80 a awa, awa 11 ke nan da ɗoriya. Ƙara tsayawar jaririya da shan mai, sai wajen ɗayan dare za ka ga ƙofar gidanka. A Turai doka ba ta barin direban babbar mota ya wuce awa huɗu da rabi bai huta minti 45 ba, kuma sana'arsa ke nan.

Yayan Marayu: Bari in gaya maka abin da ya same ni. Tafiyata ba ta ma kai taka ba. Na sha kofi, na sauke gilas, na ƙure rediyo, ƙanena yana gefe yana ta yi mini hira har barci ya ɗauke shi. Saura kilomita 15 mu shiga gari, har ina hango fitilu. Na tuna na wuce wata gada. Abin da na sake sani shi ne ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin mota da sitiyari yana fizge hannuna. Wallahi ban ji zuwan barcin ba, ni dai a sanina idona biyu. Ni na fito da ƙujewa a goshi, shi kuwa ya bar 'ya'ya uku, su nake riƙo yanzu. Agogonsa yana cikin durowata, gilashin a fashe, na kasa kai shi gyara. Tun awa biyu kafin nan nake hamma ina taka layin gefen titi, ina cewa ai an kusa. Kada ka miƙe, na roƙe ka.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri Yaya. A asibiti nake aiki, muna ganin irin wannan. Barci ne na 'yan daƙiƙoƙi. Mota a gudun 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, runtsawa ta daƙiƙa huɗu ta fi tsawon filin ƙwallo. Kuma sammakon da kake tunani, Baban Hanifa, in na wajen ƙarfe uku ne, lokacin ne jiki ya fi neman barci.

Kawu Bakanike: Allah ya gafarta masa. Amma ɗakin kwana fa? Bara da na kama, ya fi cikon tankina tsada.

Ɗan Auta: Haba Kawu, ko rabin tanki bai kai ba. Sai dai in tankin babur kake nufi.

Kawu Bakanike: Yaro, da iyali ake magana, ba inda gwauro ke ajiye haƙarƙari ba. Ni shawarata a duba iskar taya tun tana sanyi, a tafi a hankali. In barci ya zo, kofi ɗaya, a kishingiɗa minti 20 a ci gaba.

Maman 'Yan Biyu: Kawu, wannan dabarar kai wa masauki ce, ba ta maye gurbin barcin dare.

Direban Tirela: Hajiya, da girmamawa, wanda ke kwana a titi ya fi sanin titi. Minti 20 ɗin nan ya sha cetona.

Maman 'Yan Biyu: Waɗanda bai ceta ba, wurinmu ake kawo su.

Uwar Gida: Ni abin da ya hana ni tafiyar dare ma daban ne: masu kunna babbar fitila su ƙi ragewa. Ka yi musu alama sau uku, sai ma su ƙara. Bayan sun wuce, sai ka yi daƙiƙoƙi ba ka ganin komai.

Direban Tirela: Ƙananan motoci ne suka fi yi, da fararen fitilun nan da ake ɗaurawa ba a daidaita su ba.

Uwar Gida: A'a malam, ku ne dai. Taku a saitin idon mutum take.

Kawu Bakanike: Daidaita fitila aikin minti goma ne a jikin bango, mutane ne ba sa kawowa.

Baban Hanifa: Na gode. Yaya, labarinka ya tsaya mini a rai. Na tura wa maigidana saƙo ko zai bar ni in shigo da azahar ranar Litinin, har yanzu bai amsa ba. In ya ƙi fa?