Na'urar auna zafi ta faiba: wacce za a saya?

Mai Tanda: Assalamu alaikum. Ina neman na'urar auna zafi ta faiba (siririyar igiyar gilashi mai ɗaukar haske) wadda za ta yi min aiki a taransfoma da kuma tandar narka ƙarfe. Guda ɗaya nake so.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Guda ɗaya kam babu. Ita taransfoma, faiba mai ɗan ƙwayar sinadarin GaAs a bakinta ake sa mata, tana kai wajen digiri 250 na salsiyus, kuma tunda gilashi ba ya ɗaukar wuta, jikin koyil ɗin ake kwantar da ita. Sai dai tun wajen naɗa koyil ake sa ta.

Baban Kebur: Ku tsaya ku ji abin da ya same mu. Wani dillali ya kawo mana wata irin faibar auna zafi da ake ce wa FBG, ya rantse ya maya cewa tana jure 300. Muka shimfiɗa ta a tandar busar da fenti da ba ta wuce 200. Ba a je ko'ina ba rigar igiyar ta yi baƙi, tana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, ana taɓa ta ta karye. Ashe rigar akirilet ce irin ta igiyar intanet, wadda iyakarta 85. Gilashin ba ruwansa, riga ce ke kashe mutum. Mai poliyimaid tana kai 300, mai zinare wajen 700. Kafin ka ba da ko sisi, a rubuta maka irin rigar a takarda. Kuma kar a ɗaure ta tam, don FBG ba ta bambance zafi da ja. Da ta miƙe sai ta nuna zafi ya hau.

Ɗan Bola: Zinare? To a ɗauko mai gadi tun yanzu 😂

Injiniya: Zinaren bai kai na ɗan kunnen jaririya ba, malam.

Ɗalibar Kimiyya: Ƙarfe sai wajen 1500 yake narkewa, ranka ya daɗe. Nan sai igiyar safaya, wato ta yakutu, ita sai an haura 2000 take narkewa. Kuɗinta fa?

Oga Waya: Duk wahala ce. Ya sayi tamokopul, wayar ƙarfen nan mai auna zafi, ya huta. Akwatin karanta faibar kaɗai ya cinye masa jari.

Baban Kebur: Oga, sa tamokopul cikin koyil mai wutar 33kV mu gani.

Oga Waya: Tanda nake nufi, Alhaji. Kai kullum sai ka juya min magana.

Mai Tanda: To wanne zan saya ke nan?