Faifan birki: milimita nawa kuka ɗaura bayan kun ƙara wa inji ƙarfi?

Mai Golf, Aboabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Golf GTI Mk5 ce gare ni, an yi mata aikin turbo a Magazin, unguwar makanikai da ke Suame a Kumasi, yanzu gudunta ya wuce yadda ta fito daga kamfani. Faifan gaba na asali ne har yau, milimita 312. Na samu na Golf R32 hom-yus, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje, mai 345, haɗe da kalifansa, abin da ke matse takalmin birki a kan faifai. Rim ɗina inci 17 ne. Waɗanda suka taɓa irin wannan aiki, me kuka gani?

Tsohon Fita, Suame: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka zare kuɗi ka gane aikin da babban faifai yake yi. Mutane na zuwa garejina suna tsammanin zai sa mota ta tsaya nan take. Ba haka ba ne. In ka taka birkin da kake da shi yanzu har ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ya fara bugun ƙafarka, to birkin ya riga ya fi ƙarfin taya, kuma tayar ce za ta yanke inda za ka tsaya. An taɓa kawo mini mota da faifai har ya cika rim, amma tayoyin sun suɗe sun yi santsi. Na ce wa mai ita ya fara sayen taya.

Amfanin babban faifai yana wajen zafi. Duk gudun da ka kashe da birki zafi yake komawa, kuma in gudu ya ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Faifan R32 kaurinsa milimita 30, naka 25, wato ya fi ƙarfe da zai shanye zafin, ya fi faɗin da iska za ta hura. Taku na farko ba za ka ji bambanci sosai ba, sai a na biyar da na shida a jere. In zirga-zirgarka a cikin gari ce, daga Aboabo zuwa Adum, 312 da takalmin birki mai kyau sun ishe ka. In kana sake mata totur a hanyar Accra, to 345 yana da dalili.

Ɗan Nima mai BMW: Gaskiya Baba ya faɗa. Tawa E46 325i ce, faifan gaba 300. A gangaren Aburi, daga Peduase zuwa Ayi Mensah, birki ya fara wari, ina takawa mota na ci gaba da sulalewa. Na koma na 330i, 325 a gaba, matsalar ta tafi. Amma da na gaba kaɗai aka ɗaura, hancin motar yana nutsewa ƙwarai in na taka, bayan kuma kamar ba ya taimakawa. Sai da na sauya na baya daga 294 zuwa 320 ta daidaita. Yayana, ka tambayi mai kayan ko yana da na baya, R32 da 310 take zuwa.

Hajiya mai sifiya, Abossey Okai: Ni sayarwa nake yi, ga abin da nake gani kullum. Kowane faifai an buga masa iyakar kaurinsa a gefe ko a cibiya, MIN TH. Ka sa a auna a gabanka, don hom-yus da yawa sun ci sun kai iyaka, an wanke an goge kawai. Masu hudoji kuwa, samari na son su saboda kyau, amma su ake yawan dawo mini da su da tsaga a bakin hudar. Mai zane-zane ko mara komai ya fi daɗewa. Kai ka yi sa'a, GTI da R32 duk ramin kusoshinsu ɗaya ne, 5x112.

Mai Subaru, Asawase: Kada a manta da man birki. Lokacin Ista ina saukowa daga dutsen Kwahu zuwa Nkawkaw, da birkin Brembo na Subaru STI mai 326 a gaba, amma feda ta yi laushi har ta kusa taɓa ƙasa. Faifan lafiyarsa lau, man ne ya tafasa. Man birki samfurin DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 155, kuma kun san damshin ƙasar nan. Na zuba DOT 5.1 sabo, ina kuma saukowa da ƙaramin giya. Kada wani ya ba ka DOT 5 ya ce ɗaya ne, shi na silikon ne, ba a haɗa su.

Kuma ban yarda da masu neman 380 da rim 19 ba. Siririyar taya da faifai mai nauyi a kan ramukan hanyoyinmu, rim ne zai lanƙwashe.

Mai Golf, Aboabo: Allah ya saka da alheri. Baba, to zai shiga 17 ɗin nawa?

Tsohon Fita, Suame: R32 da rim 18 ta fito. Wasu 17 na ɗauka, wasu kalifa na gogar hannayensu, sai an gwada. Ka kawo motar ranar Asabar mu ɗaura gefe ɗaya, ina son ganin tazarar milimita 3 ko fiye ta kowane ɓangare. Ka zo da sifiyar tayarka ma, don sau da yawa ita ce ba ta hawa kan sabon kalifa.