Wai me ya tayar da farashin takardar hayaƙi lokacin korona?

Abban Sadiya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Folan lokacin korona. Farkon 2022 kullum na fito tashar bas sai in ga allon talla mai hoton ƙwan lantarki, an rubuta wai kashi 60 cikin ɗari na kuɗin samar da wuta, manufofin yanayi na Tarayyar Turai ne suka cinye. A ɗakinmu kuwa har hita muka riƙa kashewa, mu kwana da rigar sanyi biyu. Abin da ya ɗaure min kai: a Maris 2020 masana'antu a rufe, jirage a ajiye, izinin fitar da tan ɗaya na hayaƙin kabon, wato takardar da Tarayyar ke tilasta wa tashoshin wuta da masana'antu saye, ya faɗi wajen Yuro 15. Kafin 2021 ta ƙare ya kusa 90. Ni dai zuciyata na ce min aikin 'yan baranda ne, irin masu sayen hatsi da kaka su ɓoye sai damina. Ko na yi kuskure?

Malam Sani Lantarki:
Wa alaikumus salam. Akwai su, ba a musu, Folan da Sifen sun yi ta ƙorafi a kansu. Amma ka duba: tun 2019 Tarayyar ta fara janye rarar takardun daga kasuwa, sannan ta ɗau alƙawarin rage hayaƙi da kashi 55 kafin 2030. Kowa ya san kaya zai yi wuya gaba, sai ya saya tun yanzu. Ga gas ya yi tsada a 2021, tashoshin wuta suka koma kwal, shi kuwa kwal hayaƙinsa ya kusa ninka na gas, dole su ƙara sayen izini. Hukumar ESMA mai sa ido kan kasuwannin hada-hadar kuɗi na Tarayyar ta bincika, rahotonta na Maris 2022 bai gano wani babban maguɗi ba.

Maman Ummi:
Malam Sani, ku kuna maganar kasuwar da doka ta tilasta. Ta ganin dama, inda ake sayen takardun kabon ba don doka ta ce ba, ita ce ta ƙone mu. A ƙarshen 2021 ƙanena ya sa kuɗin adashina a wani kwoyin na kirifto da aka ce bayansa takardun kabon ne. Sati biyu yana nuna min waya, kore kawai, alamar farashi na hawa. Ashe tsofaffin takardu ne da babu mai so aka tattaro. Kafin Verra, ƙungiyar da ke rajistar irin waɗannan takardu, ta hana wannan dabara a Mayu 2022, kuɗin ko firjin da na so saya ba su kai ba. Har yau abin yana min ciwo.

Abban Sadiya:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Malam Sani, na karɓi batun gas. Amma farashin izinin ya haura Yuro 100 a Fabrairu 2023, shekara guda bayan nan ya sauko ƙasa da 60, kuma alƙawarin 2030 yana nan inda yake. Wa ya sayar?