Kwaɗayi ne ko yunwa? Gardamar daren jiya kan finafinan 'yan sanda

Bello Mabera: Salamu alaikum jama'a. Wallahi jiya ban runtsa ba sai wajen ƙarfe biyu. Wani fim ɗin Indiya Hausa yaron nan mai turi ya sa min a waya, labarin wani babban ɗan sanda ne da ya mallake gari guda, ɓarayi na kawo mai kasonshi duk mako, wanda ya ƙi kawowa a laƙa mai laifin kisa. Akwai wurin da wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta zazzage kuɗɗi bisa tebur don a sako ɗanta, shi ko yana ture ƙananan takardu gefe da bakin sanda yana ƙirga manya. Nan na aje wayar. Don watan jiya anka kama ƙanena da babur ɗin kabu-kabu, takardunshi cikakku, ya kwana biyu a wani caji ofis, sai da munka haɗa dubu 15 kana anka sako shi, kuma bisa kaina ga allo an rubuta beli kyauta ne. Abin da nike tambaya, mi ya hana masu fim ɗin Hausa su yi muna irin wanga? Kullum soyayya da kishiya. Irin finafinan ga su kaɗai ke faɗin gaskiya kan kwaɗayin 'yan sanda.

Nasiru Gawon Nama: Wa alaikumus salam. Allah shi mai da alheri Bello. Amma kwaɗayi? Ka iya bakinka.

Bello Mabera: To mi zan ce?

Nasiru Gawon Nama: Yunwa. Kwaɗayi na wanda ya ƙoshi ne ya hangi kwanon wani. Yayana kofur ne shekara 11 kenan, ka zo in kai ka ɗakin da shike da mata da ɗiya biyar a bariki, rufin na yoyo tun daminar bara, kaki da takalmi da kuɗinshi yake gyarawa, in an tura su aiki daji wani sa'in har man mota sai sun yi karo-karo. Mutumin da wata bai kai 10 ba albashinshi ya ƙare shi zaka kira makwaɗaici?

Hajiya Inno: Nasiru ɗana, wanda anka karɓe wa dubu 15 ɗin shi ƙoshi gare shi?

Nasiru Gawon Nama: Hajiya ban ce daidai ne ba, kalmar nike magana.

Sani Teloli: Ni ma kalmar ce ta tsaya min. Kwaɗayi ai na abinci ne, yaro ya ga nama ya haɗiyi yawu. Wanga sunanshi haɗama.

Malam Umaru: Ba haka ba ne Sani. Bahaushe na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ba nama kaɗai yake nufi ba. Haɗama ita ce ka samu rabonka ka haɗa da na wasu. Kwaɗayi kuwa ranka ne ke biyar abin da ba naka ba, ko kana da shi ko ba ka da shi. Talaka na iya zama makwaɗaici, mai kuɗi na iya zama mai wadatar zuci.

Sani Teloli: Malam a makaranta haka ne, amma a bakin mutane fa? Je ka Tsohuwar Kasuwa ka ce wane makwaɗaici ne ka ji mi za su fahimta.

Bello Mabera: Jama'a ni fa fim na tambaya.

Aminu Ɗan Jami'a: Bari in taya ka Yaya Bello. Irin finafinan nan ba yau aka fara ba. Serpico na 1973 labarin gaske ne, ɗan sandan New York ne da ya ƙi karɓar kason da abokan aikinsa ke rabawa, ya kai ƙara, a 1971 aka harbe shi a fuska wajen wani samame kuma ya rayu. Training Day na 2001 kuma Denzel Washington ya fito a lalataccen ɗan sanda har ya ci Oska da shi. To ɗan sandan Amurka yunwar me yake ji? Albashinsa na zuwa, motarsa da mai. Ka ga kenan ba ciki ba ne, zuciya ce.

Nasiru Gawon Nama: Kai kullum Amurka Amurka. Ka taɓa tsayuwa bisa titin Illela tun hantsi har la'asar cikin zafin watan Afrilu da bindiga a kafaɗa? In ba ka taɓa ba ka yi shiru ana maganar manya.

Aminu Ɗan Jami'a: Ban taɓa ba Yaya Nasiru, amma na shiga motar haya a hanyar nan, kuma na ga direba ya canza dubu biyu zuwa 'yan ɗari bibbiyu tun a tasha ya jera su a gaban sitiyari, duk shinge ya dunƙule ɗaya ya miƙa hannu ta taga ko tsayawa ba ya yi. Kuma a kuɗin motarmu ya fanshe.

Nasiru Gawon Nama: Duk shingen na 'yan sanda ne? Masu kaki kala nawa ke kan hanyar iyaka? Komi ya faru sai a ce ɗan sanda don shi ne marainin wayonku.

Alhaji Garba Mai Albasa: Ni da nike loda mota zuwa Kudu ni ya kamata in yi magana. Wanga abu da kuke kira cin hanci mu na goro muke ce mai. Ka ga mutum cikin rana ka ba shi na ruwa, ina laifi? Ba wanda ya sa min bindiga.

Hajiya Inno: Alhaji ka gwada hana na goron rana guda mu gani ko albasarka za ta kai Legas ba ta ruɓe ba.

Malam Umaru: Alhaji ka yi haƙuri, a nan ba zan yi shiru ba. Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, hadisin na cikin Abu Dawuda da Tirmizi. Kuma mu da muke zaune garin Shehu ba mu da uzuri, domin a littafinsa Kitabul Farƙi Mujaddadi ya lissafa halayen sarakunan da ya yaƙa, a ciki har da abin da talakawa ke kai wa masu iko da sunan gaisuwa. Canza wa abu suna ba ya canza hukuncinsa.

Alhaji Garba Mai Albasa: To Malam ni ma la'ananne ne kenan? A gaban yara?

Malam Umaru: Subhanallah, ban ambaci sunanka ba. Malamai sun yi bayani kan wanda aka tilasta don ya karɓi haƙƙinsa, zunubin na kan mai karɓa. Amma kai da bakinka ka ce ba wanda ya tilasta ka.

Alhaji Garba Mai Albasa: Shi kenan, na gode. Lokacin da anka zo neman gudummawar rufin Islamiyya ba a tambayi ta wace hanya albasata ta bi ba.

Sani Teloli: Kai Alhaji, abin bai kai nan ba don Allah.

Luba: Ni dai tambayar Yaya Bello nake so a amsa. 'Yan Kudu sun yi The Black Book a 2023, yana Netflix, 'yan sanda suka ɗora wa ɗan wani bawan Allah laifin garkuwa da mutane suka kashe shi, uban ya tashi neman haƙƙi. Ƙasa ɗaya muke da su. Me ya sa su suka iya?

Kabiru Bakano: Kuɗi ne ƙanwata, da kuma tsoro. A 2022 hedikwatar 'yan sanda ta fitar da sanarwa cewa ba mai fim ko mai barkwanci da zai sa kakinsu sai da izini. To ka je neman izini ka ce musu a fim ɗin DPO ne bos, kana ganin za a sa maka hannu? Ga kuma hukumar tace finafinai a Kano, sai ta duba kafin ya fita. Furodusan da ya ci bashi ya yi fim ba zai sayi rigima da kuɗinsa ba.

Bello Mabera: Yauwa! Ga amsar da nike nema tun ɗazu.

Sani Teloli: Ku Kanawa kun riƙe harkar fim kun hana kowa, sa'annan in za ku sa Basakkwace sai mai gadi ko ɗan barkwanci yana awo awo ana dariya.

Kabiru Bakano: To wa ya riƙe muku hannu? Ku yi naku mana. Kyamara a kasuwa take.

Sani Teloli: Shekara nawa kana cin tuwon Sakkwato har yau ba ka bar raina mu ba.

Kabiru Bakano: Ni matata ma 'yar Runjin Sambo ce, wane raini kuma.

Luba: An sake barin maganar.

Aminu Ɗan Jami'a: Bari in dawo da ita. Masu cewa yunwa, Tafa Balogun fa? Tsohon Sufeto Janar ne guda, a lokacinsa ba wanda ya fi shi a rundunar. A 2005 EFCC ta gurfanar da shi kan biliyoyin naira, duniya ta gan shi da ankwa, ya amsa laifi aka yanke masa wata shida. Shi ma rufin ɗakinsa ne ke yoyo? Kuma abin da finafinan nan ke nunawa kenan, kurtun da ke kan titi ba shi kaɗai yake ci ba, sama ake kaiwa.

Nasiru Gawon Nama: Wa ya kama shi? Nuhu Ribadu, shugaban EFCC na lokacin. Shi mi ne aikinshi kafin EFCC? Ɗan sanda. To ka gani akwai na kirki, amma ku ba ku ganinsu.

Aminu Ɗan Jami'a: Ba wanda ya ce babu na kirki. A kowane fim ɗin ma akwai na kirki guda ɗaya, shi ne jarumin, kuma shi ne ke shan wuya a hannun 'yan uwansa.

Nasiru Gawon Nama: Bello ya ce kwaɗayin 'yan sanda, bai ce wasu ba. Jam'i ya yi. Yayana na ciki kenan. Mutumin da yanzu haka da nike rubutun ga yana gabashin jiha wajen Sabon Birni, matarshi ba ta barci in wayarshi ba ta shiga ba. Ku kuna kwance ƙarƙashin fanka kuna kallon fim kuna zagin su. Lokacin EndSARS a 2020 ma haka kunka biye wa 'yan Legas.

Bello Mabera: Nasiru ka ji tsoron Allah, yaushe na zagi Yaya? Har gidanku na zo barka da ya samu igiya biyu. Ni wanda ya karɓi kuɗin ƙanena nike nufi, kuma shi na ga agogon da ke hannunshi da wayar da ya aje bisa kanta, wallahi ba mai jin yunwa ba ne.

Nasiru Gawon Nama: To ka gyara rubutunka ka sa wasu.

Bello Mabera: Ba ni gyarawa.

Hajiya Inno: Ku biyun ga tare kunka yi makarantar allo, ku ji kunya. Ni abin da ya dame ni tsohuwar cikin fim ɗin da Bello ya faɗi, don na san irinta da ido, maƙwabciyata ce, tunkiyar da take kiwo don layya ta sayar ta karɓo jikanta. Ko yunwa ce ko kwaɗayi ita dai ba ta yi layya ba bara.

Sani Teloli: Haɗama dai Hajiya.

Alhaji Garba Mai Albasa: Ni a cire ni daga zauren ga tunda na zama abin misali.

Kawu Shehu (shugaban zaure): Ba wanda za a cire. Na karanta komi tun daga sama, ga abin da na fahimta kuma da shi za a rufe. Bello an zalunce shi, muna jajanta mai, amma ya yi gaggawa wurin zaɓen kalma, kuma mafi yawan waɗanda sunka yi magana sun nuna yunwa da rashin kulawar gwamnati su ne tushen abin. Ni shaida ne, mahaifina shekara 35 ya yi cikin kaki, ya bar aiki da keke guda da akwatin ƙarfe, kuma ko a 2025 kun ga tsofaffin 'yan sanda sun fito zanga-zanga Abuja kan fansho, mutanen da sunka tsufa suna tsaronmu. Wanda bai san wanga ba shi ke ɗaukar darasi daga fim ɗin Indiya, alhali mai fim kasuwa yake nema, in bai sa ɗan sanda ya zama dodo ba wa zai saye? Finafinan da Aminu ya kawo misali na ƙasashen waje ne ba su shafe mu ba. Maganar Malam gaskiya ce amma da ya same Alhaji shi kaɗai ya fi. Zancen Kano da Sakkwato kuma kada in sake ganinshi nan. Nasiru ya kare ɗan'uwanshi kuma ya kyauta. Bello ka kira shi ka ba shi haƙuri kafin Juma'a. Na rufe zaure sai bayan sallar asuba, kuma waɗanda ba su biya kuɗin gyaran taransifoma ba mutum 9 ne, gobe zan sa sunaye.