Jakar barci don kwanan dutse a Marba'aniyya: gashin agwagwa ko fayiba?

Baban Hanifa, Riyad:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu fita kashta, wato yawon kwana a daji, da hawan dutse lokacin sanyi, ku taimaka da abin da kuka gani da idonku. Tafiyar ƙafa ce ta kwana uku a duwatsun Tabuk da ke arewacin Saudiyya, tsakiyar Marba'aniyya, wato kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi, kowa da kayansa a baya, mota ba za ta bi mu ba. A shagon kayan rihla na ga jakar barci an rubuta -15 a jikinta, kuma da araha. Ga wata an rubuta -5 amma ta ninka ta kuɗi sau huɗu. Na rasa gane kan abin.

Abu Yasir, Tabuk:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Wannan -15 ɗin ita ke kwantar da mutane cikin ɗari. Jakar da aka gwada bisa ƙa'idar ISO 23537, wadda ta maye gurbin EN 13537, lamba uku take ɗauke da su. Ta farko, wadda ake rubuta Comfort a kanta, ita ce sanyin da mace za ta yi barci a sake ba ta takure ba. Ta biyu, Limit, namiji ne a dunƙule yana barci da kyar. Ta uku, Extreme, ba ta barci ba ce sam: ma'anarta mutum zai iya kai awa shida bai mutu ba, amma yana karkarwa, kuma yatsunsa na cikin haɗari. Masu arha sukan buga ta ukun da manyan baƙaƙe su ɓoye sauran. Jakar da Extreme ɗinta -15 ne, sau da yawa Comfort ɗinta yana sama da sifili. In ka duba ba ka ga lambobi ukun da sunan ƙa'idar ba, lambar ta mai kamfani ce kawai, ka ajiye masa kayarsa.

Sai lissafin wurin. Hasashen da waya ke ba ka na cikin garin Tabuk ne, alhali Jabal Lauz ya kai wajen mita 2,580. Duk hawan mita 1,000 zafi na sauka da kusan digiri 6 da rabi. Daren da gari yake digiri 3, can sama ka sa ran 8 ko 9 ƙasa da sifili, ban da iska. Kuma daren da sama ta yi tas babu gajimare ya fi kowanne ɗari, domin ƙasa na sakin zafinta kai tsaye. Ka ɗauki mafi ƙarancin abin da kake tsammani, ka ƙara saukar da digiri 3 zuwa 5, ka nemi Comfort da ya kai nan.

Ɗan Ha'il:
Abu Yasir ya gama magana a kan lamba, amma ni inda na fi ganin mutane na faɗuwa shi ne shimfiɗa. Abin da ke ɗumama ka iskar da ta maƙale cikin kumburin jakar ce. Ɓangaren da ka kwanta a kai ya lotse, babu iska a ciki, to ba ya tare komai. Ƙasa ce ke zuƙe zafin bayanka da kwankwasonka, shi ya sa za ka ga mutum da jaka mai tsada ya farka ƙarfe uku ƙirjinsa da ɗumi bayansa kamar ƙanƙara. Su kansu masu gwajin, mutum-mutuminsu a kan shimfiɗa mai kauri suke kwantar da shi, sanye da doguwar rigar ciki da wando.

Shimfiɗa tana da tata lambar, R, mai nuna yadda take tare sanyin ƙasa. Ga sanyin da ya sauka ƙasa da sifili ka nemi R 4 zuwa 5. Tabarmar roba mai naɗewa kusan R 2 ce. Katifar hurawa ta gida, wadda babu komai cikinta sai iska, ba ta wuce R 1 ba duk kaurinta, iskar ciki yawo take tana kai zafinka ƙasa. Daɗin abin, lambobin haɗuwa suke: roba mai R 2 a ƙasa, ta hurawa mai R 3 a sama, ka samu 5. A ƙasar nan dole ma robar ta kasance a ƙasa saboda ƙayar bishiyoyin talhu da samur. Ƙaya ɗaya ta isa ta huda katifa, kuma ba ka ganin ta sai ka share wurin da tafin hannu.

Baban Hanifa, Riyad:
Allah ya saka. To batun abin da aka cusa a ciki fa?

Abu Yasir, Tabuk:
Tunda a baya za ku ɗauka, kuma arewa busasshiya ce, gashin agwagwa. Ba fiffike ake nufi ba, lallausan gashin nan na ƙarƙashi mai kama da audugar rimi. Lamba biyu za ka duba. Ta farko ƙarfin kumburi, ana rubuta 600, 700 ko 800: yawan lambar, yawan iskar da giram ɗaya ke riƙewa. Ta biyu nauyin gashin kansa. Mutane na ruɗuwa da 800 su manta da wannan, alhali giram 300 na mai 800 bai kai giram 700 na mai 650 ɗumi ba. Ga Comfort na wajen -7, gashi mai kyau yakan kai giram 600 zuwa 700, jakar gaba ɗaya kilo ɗaya da 'yan kai. Ta fayiba, wato zaren roba, mai ɗumi iri ɗaya za ta kusa kilo 2, kuma ta cinye rabin jakar baya.

Ka ɗaga ta ka haska da fitilar waya daga ciki. In haske na fitowa ta layin ɗinki, an ɗinke rufin waje da na ciki a haɗe, sanyi zai bi ta kowane layi. Ta hunturu tana da ɗan bango tsakanin zanen biyu. Ka tabbata tana da hula mai igiya, da abin wuya mai kumburi da ke hana ɗumi fita in ka juya, da doguwar tsiri a bayan zif. Tsayi kuma ya yi daidai da kai. Mai faɗi irin ta murabba'i daɗin juyi gare ta, amma jikinka ne zai ɗumama duk wannan filin.

Malamin Abha:
Kada a ɗauki maganar Tabuk a kai ta Asir. Sauda, dutsen da ke kusa da Abha, ta kusa mita 3,000, ɗarinta bai kai na arewa ba, amma hazo ne mai ruwa yake rufe dutsen, ya jiƙa tanti ciki da waje. Gashin agwagwa in ya sha laima dunƙulewa yake kamar jiƙaƙƙiyar kaza, kumburin ya tafi, kuma ba ya bushewa da wuri. Dare na farko lafiya, na biyu ya ragu, na uku sai a hankali. Fayiba ko ta yi danshi tana riƙe siffarta, ta bushe cikin awa ɗaya ko biyu a rana. A nan ita nake ba mutane shawara. Aibinta, matsewa na kashe ta: bayan 'yan shekaru ana cusa ta a ƙaramin buhu za ka ga ta yi lebur, alhali gashi in an kula da shi yana wuce shekara goma.

Ko a arewar ma, wanda zai kwana kusa da motarsa bai da dalilin kashe kuɗi a kan gashi. Fayiba mai kauri da farwa, alkyabbar nan mai gashi ta sanyi, a sama sun wadatar.

Ummu Sadik, Madina:
Yayyena, ku bar ni in sa baki don masu fita da iyali, ko Al-Ula ce. Mata su tsaya a kan Comfort kada su kalli Limit, yara kuma kada a sa su a jakar manya sai an ɗaure rarar ƙasan da igiya. Abin da na lura yana ɓata dare shi ne alwalar isha: a shiga da ƙafa mai danshi da safar da aka yini da ita. A ware busasshiyar safar ulu ta barci kawai, da hular sanyi. Kayan auduga da suka sha gumi a cire su. Gora mai jure zafi, a zuba ruwan zafi, a ɗaure murfin tam, a sa ta cikin safa a ajiye tsakanin cinyoyi. Da asuba, lokacin da ɗari ya fi tsanani, ruwan nan da sauran ɗuminsa, an samu na alwala. Wanda aka bari a waje sai a tarar ya daskare.

Farwa a shimfiɗa ta a ƙasa ko a yafa a kan fayiba. A kan jakar gashi nauyinta danne kumburin yake.

Ɗan Ha'il:
Gaskiya ne Hajiya. Ƙari biyu. Kada a cusa hanci cikin jakar, tururin numfashi na jiƙa ta daga ciki. A ja igiyar hula a bar baki da hanci waje. Na biyu ya fi komai: gawayi ko hita mai gas ba sa kwana cikin rufaffen tanti. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai zarce. Difa'ul Madani, hukumar kare farar hula, na nanata wannan duk shekara.

Baban Hanifa, Riyad:
Na fahimta. In an dawo, a buhunta zan bar ta?

Abu Yasir, Tabuk:
A'a, ƙaramin buhun na hanya ne. Ka shanya ta a inuwa kwana ɗaya, ka kakkaɓe yashin zif da tsohon buroshin haƙori, ka ajiye ta a sake cikin babban buhun yadi ko ka rataye. Wanki sai ta yi datti sosai, da sabulun gashi na musamman, a busar da ƙaramin zafi tare da ƙwallon tanis biyu ko uku don su warware dunƙulen. Kafin tafiyar kuma ku gwada kwana ɗaya a Sumama, dajin nan kusa da Riyad, da cikakken kayan, mota na kusa.