A ƙanƙance tsohon shataletale ko a bar shi?

Ɗan Injiniya: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Saura ƙiris wata mota ta kwashe ni a irin tsohon shataletalen nan mai faɗin tsiya, wanda ake faɗawa cikinsa ba tare da an taɓa birki ba. Kowa zai ce laifin direba ne, ni na ce laifin zane ne. Hanya ta shigo a miƙe, fili ya yi yawa, motoci na tsallaka hannun juna a guje. Na zamani ƙarami ne, ana lanƙwasa bakin kowace hanya don dole ka rage gudu zuwa kamar kilomita 30 a awa, kuma mai shigowa ne ke jiran na ciki. Duk mai cewa a ƙara faɗaɗa tsohon, wallahi da sauransa a wayewa.

Baba Mai Tirela: Wayewa ka ce? Yaro, tun ba a haife ka ba nake riƙe da sitiyari. Mu ne yau ba mu waye ba?

Ɗan Injiniya: Baba, ban kama suna ba.

Baba Mai Tirela: Ba sai ka kama ba. Wa ke son faɗi in ba mu masu doguwar mota ba? Ka matse da'ira, gindin tirela ya bi ta ina?

Ɗan Injiniya: An yi muku tanadi, Baba. A kewayen tsibirin tsakiya ana yin daɓe mai ɗan tudu. Ƙaramar mota ba ta son hawansa, amma tayoyin bayan tirela su hau su wuce lafiya.

Baba Mai Tirela: A takarda ko? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Maman Ikram: Ni dai kalmar nan ce ta tsaya min a rai. Mutum ya yi ɗan boko sai ya riƙa raba wa mutane wayewa. Ka ba Baba haƙuri kawai.

Mai Babur: Hajiya, in don wayewa ce, su masu manyan motocin sun taɓa jiran wani? Ka ga tirela ta karyo kai, ko kai ne a ciki sai ka tsaya, in kana son ranka.

Baba Mai Tirela: Ji wanda ke magana! Ku da kuke bin shataletale ta baibai don guje wa zagaye?

Mai Babur: Ba duka ba.

Baba Mai Tirela: To mu ma ba duka ba.

Malam Tarihi: Ku tsaya. In wayewar Turawa ake nufi, ai su suka fara gina masu faɗin. Columbus Circle na New York tun 1905 motoci ke zagaya shi ta hannu ɗaya, na Place de l'Étoile a Paris kuma 1907, inda hanyoyi 12 suka haɗu. Har gobe a wannan na Paris na ciki ne ke kauce wa mai shigowa. Su ma ba su waye ba ke nan?

Ɗan Injiniya: Malam, ai ka taya ni. Wannan tsohuwar doka ce ke sa da'ira ta cika ta kulle, don ana ta shiga babu mai fita. Shi ya sa Ingila ta juya ta a 1966, ta ce mai shigowa ya jira. Faransa ma ta bi sahu daga baya, ta bar ɗaiɗaiku irin wancan. A Kingston ta jihar New York, a 2000 suka gina ƙarami a cikin tsohon, faɗin sabon kusan kashi ɗaya cikin uku ne na tsohon. Kuma a mahaɗar hanya huɗu akwai wurare 32 da motoci za su iya karo, a shataletale 8 ne kacal.

Malam Tarihi: Wannan 32 da 8 ɗin ai kwatanci ne da mahaɗa mara da'ira. Kai kuma tsohon shataletale ka kawo ƙara. Kada ka haɗa mana lissafi.

Ɗan Injiniya: Manufar dai ɗaya ce.

Malam Tarihi: Ba ɗaya ba ce. Sannan Amurka ce ta fara shataletalen motoci, ba Ingila ba.

Mai Babur: Ingila ce, Malam. Kowa ya sani.

Malam Tarihi: Wane kowa? Kawo hujja.

Mai Babur: Na taɓa gani a wani bidiyo.

Maman Ikram: Har yanzu fa bai ba da haƙurin ba. Kuma babu wanda ya yi maganar mai tafiya a ƙasa. In babu danja, ni da yara yaushe za mu tsallaka?

Ɗan Injiniya: Hajiya, ana sa ɗan tsibiri a tsakiyar kowace hanya kafin da'irar. Ki tsallaka hannu ɗaya, ki tsaya a kai, sannan ki duba ɗayan. Motar ma a hankali take zuwa.

Maman Ikram: Ban tambaye ka ba sai ka janye kalmarka.

Alhaji Shugaba: To, dare ya yi, bari in taƙaita. An yi ittifaƙi cewa babban shataletale ya fi dacewa da manyan motoci, kuma matsalar duk ta masu babur ce da yaran da ba su san girman na gaba ba. Batun Ingila da Amurka an bar wa Malam. Ɗan Injiniya zai nemi afuwar Baba. An rufe.

Ɗan Injiniya: Alhaji, yaushe aka yi wannan ittifaƙin?

Mai Babur: Ka manta tirelolin da Baba ke ja na waye?

Alhaji Shugaba: Na ce an rufe.