Wasannin labari da warware matsala: sun mutu ne ko mantawa aka yi da su?

Ɗan Wadata:
Assalamu alaikum. Duk gidan wasan da mutum ya leƙa a Yamai, daga ƙwallo sai harbe-harbe. Ina neman irin wasan nan da ake yawo da mutum ɗaya, yana magana da jama'a, yana tsintar kaya, yana warware matsala har labari ya ƙare. Har yanzu ana yin su? Kuma waya mai RAM giga 2 za ta ɗauka?

Malamin Yantala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ana yi, sai dai sun sauya kama. Asalinsu rubutu ne zalla, Colossal Cave Adventure na Will Crowther a 1976, kana rubuta umarni kwamfuta tana ba ka amsa. Kamfanin Sierra ya kawo hoto mai motsi da King's Quest a 1984, kamfanin Lucasfilm Games (wanda daga baya ya zama LucasArts) kuma ya yaɗa salon nuni da dannawa da Maniac Mansion na 1987, sannan The Secret of Monkey Island a 1990.

Abu biyu suka karya musu kasuwa. Bayan Doom na 1993 kuɗin kamfanoni ya koma kan harbi da 3D, ga shi an gina waɗannan wasanni ne kan linzamin kwamfuta, ba su daɗin bugawa da abin riƙon PlayStation. Grim Fandango na 1998 ya sha yabo amma cinikinsa bai kai ba. Farfaɗowar ta zo a 2012: The Walking Dead na Telltale ya lashe kyaututtukan wasan shekara, kamfanin Double Fine kuma ya tara sama da dala miliyan 3 don yin irin wannan wasa a Kickstarter, shafin da jama'a ke haɗa kuɗi su tallafa wa aiki. Return to Monkey Island ya fito a 2022. Ni a ganina ba su taɓa barin tsakiyar fage ba, domin zaɓen amsa cikin hira da haɗa kaya don buɗe hanya da ake gani a manyan wasannin yau, gadonsu ne.

Mai Gyara na Katako:
Wayarka ta isa har da saura. Sauke ScummVM daga Play Store, kyauta ne. Shi ba wasa ba ne, injin da ke tada tsofaffin wasanni ne, don haka sai ka kawo fayilolin da kanka. A shafin ScummVM akwai waɗanda masu su suka saki kyauta: Beneath a Steel Sky, Flight of the Amazon Queen, Lure of the Temptress. Fara da na farkon. Mai muryoyi bai kai mega 100 ba, maras murya ya fi shi ƙanƙanta nesa, kuma da ka sauke ba ruwanka da intanet.

Inda ake tuntuɓe: ana barin fayil ɗin a ƙunshe cikin zip. Kwance shi, ka tabbatar sky.dsk da sky.dnr suna cikin dosiye ɗaya, kada ka cakuɗa wasa biyu wuri guda. Daga Android 11 zuwa sama manhajar ba ta ganin ma'ajiyar waya sai ka zaɓi dosiyen ka ba ta izini, shi ya sa wasu ke cewa bai ga komai ba. Yatsa ɗaya danna hagu ne, yatsu biyu danna dama. In abin da kake son taɓawa ƙarami ne, koma salon da kake jan kibiya da yatsa, ya fi daidai.

Hajiyar Lazaret:
Malam, ban yarda harbi da linzami kaɗai suka kayar da su ba. Su ma da laifinsu. A tsofaffin wasannin Sierra kana iya wuce wani ɗan abu a farko, sai can gaba hanya ta toshe, babu komawa. Ron Gilbert, wanda ya ƙirƙiro Monkey Island, ya soki wannan tun 1989, kuma Monkey Island ya kauce masa. Saboda haka ɗana, in ka taɓa na Sierra, riƙa ajiye wasa a gurabe daban-daban, kada ka danne na baya.

Sai harshe. Rabin amsoshin cikin hira suke, wanda ya tsallake magana zai maƙale. Beneath a Steel Sky yana da rubutun Faransanci, a saitin wasan ake zaɓa. Wanda karatu ke ba wuya ya nemi Machinarium na 2009, na kuɗi ne amma ba a furta kalma ko ɗaya a ciki, hoto ke bayani.

Ɗan Wadata:
Na gode ƙwarai. Ya tashi, sai dai rubutun da Ingilishi ya fito.

Mai Gyara na Katako:
Fita zuwa jerin wasanni, zaɓi sunansa, shiga saitinsa, sauya harshe, sannan ka sake tada shi.